Daga Zaure Zuwa Bakin Ƙofa: Tarihin Hutun Tsofaffinmu

Masu tarihin baka sun ce sunan Kazaure daga bakin wani maharbi ya fito. Da ya ga wani wuri da tuddai suka kewaye, sai ya ce wurin nan kamar zaure yake. Bai kwatanta shi da fada ko kasuwa ba, sai da ɗakin da ake fara shiga a kowane gida, inda maigida yake zama da baƙinsa. Duk mai son sanin yadda tsofaffin wannan yanki suke hutawa, suke kuma motsa jiki, daga zauren nan zai fara.

Masarautar Kazaure ta samo asali ne daga Ɗan Tunku, wanda ya ƙi bin Sarkin Kano Ibrahim Dabo a 1819, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya tabbatar wa ƙasarsa cin gashin kai. Roni da Gwiwa suna cikin wannan masarauta. Babura kuwa tana ƙasar Kano har 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, sannan ta shiga masarautar Ringim. Sai dai iyakar sarauta ba ta raba yadda ake tsufa ba. Ko a tuddan Roni ko a rairayin Babura kusa da iyakar Nijar, dattijon da ƙarfin noma ya ƙare masa yana da inda zai je da abin da zai yi daga asuba har lisha.

Ranarsa tana farawa da tafiya masallaci a ƙafa, kuma zai sake wannan tafiya sau huɗu kafin ya kwanta. Da hantsi sai ya leƙa gona ya ga aikin 'ya'ya, ya dawo zaure ko gindin tsamiya ya kama tufkar igiya da rama ko kaba. Aiki ne da ake yi a zaune, amma yatsu da tafin hannu da kafaɗa duk suna motsi, baki kuma yana hira. Ranar kasuwa ya sayar da igiyar ya sayi goronsa da kuɗinsa, bai roƙi kowa ba.

Bayan la'asar sai dara. Ana haƙa gurabu talatin a ƙasa, layi biyar mai shida-shida, kowane ɗan wasa ya riƙe 'ya'ya goma sha biyu, wannan tsinke, wancan tsakuwa. Wanda ya jera uku a layi ɗaya ya ci ɗaya daga na abokinsa. Wasan lissafi ne da hangen gaba, kuma yana cikin 'yan fagagen da mai shekara saba'in yake kayar da saurayi a gaban jama'a. 'Yan kallo suna tsoma baki, ana gardama, ana dariya. Idan wani bai zo ba kwana biyu, a wurin darar za a fara cigiyarsa, a tura yaro ya dubo lafiya.

A cikin gida, abokin hirar tsohuwa mazari ne. Ta gurza auduga, ta shiɓe ta, ta shafa alli a yatsu ta kama kaɗi, maƙwabta su shigo da nasu a zauna. Wannan zare ba na wasa ba ne. Da Baturen Jamus Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin ƙasar suna kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Kafin masaƙi da marini su taɓa wannan kaya, mata ne suka kaɗa zarensa, kuma tsofaffi sun fi kowa samun lokacin yi. Da dare kuma sai jikoki su kewaye kaka don jin labarin Gizo da Ƙoƙi. Ga wasan jika da kaka, inda tsohuwa take kiran jikanta maigida, shi kuma ya tsokane ta a yi ta raha.

Babu wanda ya kira waɗannan abubuwa motsa jiki ko nishaɗi. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa mai shekara 65 zuwa sama ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, ya kuma riƙa yin abin da zai ƙarfafa tsayuwarsa don gudun faɗuwa. Tsohon da yake taka ƙafa zuwa jam'i da gona da gaisuwar maƙwabta, yake zama a tabarma yana miƙewa, ya daɗe yana bin wannan shawara tun ba a rubuta ta ba.

Sannu a hankali abubuwan suka warware. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna, yadin inji ya yi arha, zaren hannu ya rasa masu saye, mazari ya koma ƙasan adaka. Igiyar roba ta kori ta rama. Rediyo dai bai watsa majalisa ba. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, Rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962, kuma akwati ɗaya yakan tara mutum goma, a saurari labarai sannan a yi musu a kansu. Talabijin da finafinan Hausa, waɗanda suka kankama daga 1990, su ne suka janye yara daga gaban kaka. Acaɓa ta rage tafiyar ƙafa. Matasa suka tafi Kano da Abuja da Legas neman abinci. A sababbin unguwanni kuma ana gina gida da doguwar katanga da ƙofar ƙarfe, a bar wurin ajiye mota inda da zaure zai tsaya.

Mu da muke sana'ar rubuta manhajar kwamfuta mun san irin wannan matsala. Akan samu wani tsohon sashe a cikin manhaja da ba a rubuta amfaninsa a ko'ina ba, a cire shi don ana ganin ya tsufa, sai wani abu can nesa ya daina aiki. Haka zaure da mazari suke. Kowane canji da aka yi yana da dalilinsa, kuma ba wanda zai ce a koma sayen zaren hannu dole. Amma tare da su aka cire abin da yake fitar da tsoho daga ɗaki, da abin da yake sa a lura idan bai fito ba. Yau sai ka ga dattijo a kujerar roba a bakin ƙofa, 'ya'ya sun turo kuɗi ta waya, sun saya masa magani, amma ya wuni bai yi doguwar magana da kowa ba. Abin ba a nan kaɗai ya tsaya ba, domin a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa kwamiti na musamman kan kaɗaici.

Wasu wuraren zama sun maye gurbi. Makarantun Islamiyya na matan aure sun ba tsofaffi mata dalilin fita da ƙawayen karatu, kuma zaman tafsirin azumi yana tara dattawa. A matakin tarayya, an sa hannu kan dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa a 2018. Sai dai cibiya a Abuja ba za ta haƙa wa tsohon Gwiwa gurbin dara ba.

Wannan aikin namu ne, kuma bai fi ƙarfinmu ba. Mai gina gida ya bar dakali a waje, ya dasa darbejiya a gabansa. Ƙungiyoyin unguwa da suke shirya gasar ƙwallo su haɗa da gasar dara ta dattawa a lokacin salla. Mai mota a Kazaure ya kai mahaifinsa da abokansa bakin dam ɗin Ayuba da yamma su ɗan taka. Jika ya je da wayarsa ya ɗauki tatsuniya daga bakin kakarsa, ya koma wani makon ya ji wata. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma idan ƙafar tsoho ta gaza, tamu ce ya kamata ta je.