Ciwon ƙafa a cutar POTS: dalilai da alamun haɗari

POTS larura ce da ke sa bugun zuciya ya ƙaru da aƙalla 30 a minti, cikin minti 10 da miƙewa tsaye, alhali awon jini bai sauka ba. Ta fi kama mata masu shekara 15 zuwa 50.

Babban dalilin ciwon ƙafa a nan shi ne taruwar jini. Jijiyoyin jinin ƙafa ba sa matsewa sosai, sai jini ya taru a ƙasa, ƙafa ta yi nauyi, ta yi ja ko shuɗi-shuɗi. Zafin rana da doguwar tsayuwa suna tsananta abin. Wasu kuma ƙananan jijiyoyin ji ne suka lalace, shi ya sa suke jin zuga ko tsira kamar ta allura. Sakin gaɓoɓi da raunin tsoka bayan doguwar jinya su ma suna jawo ciwon.

Likitoci kan ba da shawarar yawan shan ruwa, da safa mai matsewa har ƙugu, da motsa jiki a kwance. Kada a ƙara gishiri sai da izinin likita.

Amma idan ƙafa ɗaya ce ta kumbura, ta ɗau zafi, a garzaya asibiti: mai yiwuwa gudan jini ne.