Bidiyon Anas, Salisu Yusuf da Rabi'u Pele: Waiwaye Kan Zargin 2018

Waiwayenmu na wannan mako a filin ƙwallo yake, amma abin dubawar shi ne yadda muke riƙe sunan mutumin da ake zargi.

A watan Yulin 2018 sashen bincike na BBC Africa Eye ya saki wani bidiyo da ɗan jaridar Ghana, Anas Aremeyaw Anas, da yaransa suka ɗauka a ɓoye tun watan Satumban 2017. A ciki an ga Salisu Yusuf, haifaffen Zariya, mai horar da 'yan Super Eagles masu taka leda a gida, yana karɓar kuɗi daga wasu da suka yi basaja a matsayin dillalan 'yan wasa. An ce dala 1,000 ce, haɗe da roƙon ya tafi da 'yan wasa biyu gasar CHAN ta 2018 a Maroko. 'Yan wasan su ne Osas Okoro da Rabi'u Ali na Kano Pillars, wanda 'yan Sai Masu Gida ke kira Pele. Salisu bai musanta karɓar kuɗin ba. Cewa ya yi dala 750 ce, kyauta ce, kuma ba ta sauya komai a zaɓensa ba.

Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo, a Mashi ne ko a Kano, ya san yadda irin wannan labari ke sauka. Kafin bidiyon ya ƙare an gama shari'a. Wasu su ce sharri ne, ana yi wa ɗan Arewa bi-ta-da-ƙulli, wasu su ce ai dama da kuɗi ake sayen rigar Najeriya. Dukansu sun haɗa kocin da 'yan wasan a kwando ɗaya.

Kwamitin ɗa'a na hukumar ƙwallon Najeriya, NFF, wanda Nuhu Ribadu ya shugabanta, bai yi haka ba. A watan Satumban 2018 ya ce Salisu da saninsa ya karɓi kyautar kuɗin, ya dakatar da shi shekara ɗaya, ya ci shi tarar dala 5,000. A hukuncin nan kuma ya ce 'yan wasan biyu za su iya samun gurbi da ƙwazonsu. Wannan ɓangare ne aka fi mantawa, kuma shi ya fi damuna. Rabi'u ya riga ya buga CHAN ta 2014 a Afirka ta Kudu ƙarƙashin Stephen Keshi, ya ci ƙwallaye, Najeriya ta zo ta uku, shekaru kafin wani ya kunna kyamara. Ba a tuhume shi da komai ba. Sunansa kawai aka ambata a ɗakin da ba ya ciki. Amma marubucin da ya ce “'yan wasan da aka saya wa gurbi” ya riga ya shafa masa kashin kaji.

Magoya bayan da suka kare Rabi'u sun yi daidai, sai dai ban yarda sani ne ya kai su ba. So ne. Son nan ne ya sa wasunsu wanke Salisu, wanda da bakinsa ya ce ya karɓa.

Amurka ta ga babban misalin wannan a jami'ar Duke. A watan Maris na 2006 wata mata, Crystal Mangum, ta zargi 'yan wasan lakros na jami'ar, wasan da ake yi da sanda mai raga a baki, da yi mata fyaɗe. Aka soke wasanninsu, kocinsu ya ajiye aiki, malamai 88 suka sa hannu a wata sanarwa da mutane da yawa suka karanta a matsayin hukunci, aka gurfanar da ɗalibai uku. Takwarorinsu mata suka shiga fili da ƙyalle a hannu mai nuna suna bayansu, aka yi ta sukarsu. Ba ƙyallen ne ya kuɓutar da yaran ba. Gwajin ƙwayoyin halitta ne da bai dace da ko ɗayansu ba, da gano cewa mai gabatar da ƙara, Mike Nifong, ya ɓoye sakamakon da zai taimake su. Ranar 11 ga Afrilun 2007 babban lauyan jihar, Roy Cooper, ya ce ba su da laifi, daga baya kuma aka ƙwace lasisin Nifong. Sai a Disambar 2024 matar ta fito ta ce ƙarya ta yi.

Sashe na 36(5) na kundin tsarin mulkinmu na 1999 ya ce wanda ake tuhuma da laifi ba mai laifi ba ne sai an tabbatar, kuma a fiƙihu ma mai da'awa ake nema da hujja. Doka ce da ta hau kan alƙali, amma alƙalami ma yana yanke hukunci, kuma shi ba a ɗaukaka masa ƙara. Ko a kan Salisu, idan ka rubuta “kotu ta same shi da cin hanci” ka yi ƙari, domin kwamitin hukuma ne ya same shi da karya ƙa'idar aiki ta karɓar kyauta. Ya cika wa'adinsa, kuma a 2021 NFF ta mayar da shi aikin horar da Super Eagles.