Lissafin Wasula da Tarihin Ƙa'idojin Rubutun Hausa da Ibo

Haƙar kuza ce ta tara al'ummu a Jos tun farkon ƙarni na 20, har layin dogo daga Fatakwal ya iso garin a 1927. Shi ya sa a unguwa irin Laranto malamin Hausa kan tarar da ɗan Ibo da Bayarabe da ɗan Birom a aji guda, kowanne da wasulan da kunnensa ya saba da su.

Idan haruffa aka ƙirga, Hausa ce koma-baya: wasulanta 5, na Birom 7, na Yarbanci 7 ban da 'yan hanci, na daidaitaccen Ibo 8. Sai dai wannan lissafin takarda ne kurum. Kowane wasalin Hausa yana da dogo da gajere, wato 10 ke nan, ga kuma tagwayen wasali /ai/ da /au/.

Tarihi ne ya haddasa wannan giɓi. Ibo sun shafe kusan shekara 30 suna jayayya kan haruffan da Westermann ya ba da shawara a 1929, kafin kwamitin Ọnwụ ya raba gardama a 1961 da ɗigo a ƙarƙashin ị da ọ da ụ. Ke nan kowane wasali ya samu harafinsa. Hausa kuwa wata hanya ta bi. Ƙa'idojin Hanns Vischer na 1912 ba su wajabta nuna tsawon wasali ba, alhali ajami yana da alif da wawu da ya domin wannan aiki. Bargery ya nuna tsawon a ƙamusunsa na 1934, amma abin bai shiga rubutun yau da kullum ba. Nijar ta gwada ninka dogon wasali bayan taron Bamako na 1966, ta kuma bar shi bayan taron daidaitawa na Yamai a 1980.

Ga Bahaushe wannan ba matsala ba ce, domin jimla kan nuna masa ko "gari" na zama ake nufi ko na tuwo. Amma manufar ilimi ta 1977 ta nemi yaro ya koyi ɗaya daga manyan harsuna uku bayan nasa, kuma ɗan Ibo da ya saba ganin wasulansa 8 a rubuce zai ɗauka 5 ɗin da ke kan allo su ke nan. A ganinmu, littattafan masu koyon Hausa a matsayin harshe na biyu sun cancanci alamar tsawon wasali, ko da a shekarar farko ce kawai.