Baƙinmu Daga Ƙasar Ƙanƙara

A 1966 Lars-Eric Lindblad ya kwashi 'yan yawon buɗe ido a jirgin ruwa zuwa Antatika, can ƙurewar kudancin duniya, don kallon tsuntsaye da dabbobin ƙanƙara. Daga nan harkar ta zama kasuwa mai tsada.

Mu 'yan Kademi kuwa ba sai mun biya kuɗin jirgi ba. Kogin da ke bi ta Wudil shi ke gangarawa ya cika fadamun Haɗeja da Nguru, inda tsuntsayen da ke ƙyanƙyasa a arewacin Turai da Rasha suke sauka duk hunturu. Su ne Yarima Philip na Ingila ya zo gani a Dagona a 1989.

Amma tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974, da na Challawa a 1992, ambaliya ta ragu, ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa. Masunta da manoman shinkafa sun ji a jikinsu, baƙin ma haka.

'Yan'uwa marubuta, dattawan da suka ga fadamun nan a cike suna raye. Mu je mu tambaye su mu rubuta, kafin su tafi da labarin.