Tarihin Binciken Yadda Ido Ke Sabawa da Duhu

Kowanenmu ya san idan mutum ya baro rana tsaka ya shiga zaure, da fari ba ya ganin kome, sai an jima kaɗan abubuwa su fara bayyana. Hasken rana tsaka ya ninka na taurari sau miliyoyi masu yawa, amma kuwa ido ɗaya ne ke aiki a duka biyun. Buɗewa da tsukewar ƙofar da ke tsakiyar baƙin ido ba su wuce ninki 16 ba. To, ina sauran aikin yake faruwa? Wannan tambaya ta daɗe tana wahalar da masana.

Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basara wajen shekarar 965, ya yi zamansa a Alƙahira, shi ne ya kafa hujja a Kitabul Manazir cewa haske ne ke shigowa cikin ido daga abin da ake kallo. A 1604 Kepler ya nuna cewa siffar abin tana sauka ne a kan tantanin da ke shimfiɗe a bayan ido, watau ratina. A 1865 Hermann Aubert, wani Bajamushe, ya auna yadda gani ke ƙaruwa a hankali cikin duhu. Shekara guda bayan haka Max Schultze ya lura cewa ƙwayoyin karɓar haske iri biyu ne: masu siffar sanda da masu siffar mazurari, kuma dabbobin dare sun fi yawan sandunan. Yanzu an san mazurarai kan gama sabawa da duhu cikin minti 10, sanduna kuwa sai sun kai wajen minti 30.

A 1876 Franz Boll ya ga wani jan launi a ratinar kwaɗo wanda ke koɗewa idan haske ya taɓa shi, ya komo cikin duhu. Shi ne ake kira rodofsin. A 1933 George Wald ya sami bitamin A cikin ratina, sa'an nan ya tabbatar cewa daga gare shi ake ƙera wannan launi. Nan ne ilmin ya taɓo mu, domin ciwon da muke kira dundumi sau da yawa rashin bitamin A ke kawo shi, musamman ga yara da mata masu ciki. Hanta, manja, karas da zogale suna cikin abincin da ke tsare shi.

Amma fa launin kaɗai bai isa bayani ba. A shekarun 1960 William Rushton na Kambirij ya nuna cewa haske ɗan kaɗan, wanda bai taɓa yawancin sanduna ba, yana rage kaifin ganin yankin gaba ɗaya. Ashe ke nan akwai gyara a mahaɗar jijiyoyi, inda ƙwaya ke miƙa wa ƙwaya saƙo. A 1979 Raynauld, Laviolette da Wagner suka ga wasu 'yan tsinkaye a mahaɗun ratinar kifi, suna fitowa da rana, suna ɓacewa da dare. A 1985 Lasater da Dowling suka nuna cewa sinadarin dofamin yana rage sadarwa tsakanin wasu ƙwayoyin ratina. A 1988 kuma aka tabbatar cewa kalsiyam ne ke daidaita ƙarfin amsar sanduna da mazurarai.

Saboda haka, jama'a, ratina yanki ne na ƙwaƙwalwa mai sake tsarin mahaɗunsa safe da yamma. Direban da fitilar wata mota ta dalle shi cikin dare, idonsa na bukatar lokaci kafin ya komo, sai ya sassauta gudu. Yaron da ke tuntuɓe bayan magariba kuwa, kada a ce sakarci ne, a duba abin da yake ci, a kai shi asibiti tun da wuri.