Binciken gawar da aka tsamo daga ruwa

Binciken gawar da aka tsamo daga ruwa reshe ne na likitancin shari'a da ke gano ko wanene mamacin, da abin da ya kashe shi, da tsawon lokacin da ya yi cikin ruwa. A Parakou da Djougou, arewacin Jamhuriyar Benin, 'yan kwana-kwana ne ke tsamo gawa daga koguna irin su Okpara da Ouémé, 'yan sanda su buɗe bincike, mai gabatar da ƙara kuma ya ba da umarnin likita ya duba ta.

Gawa takan nutse da farko, sai iskar ruɓewa ta taso da ita, kuma ruwan ɗumi na hanzarta hakan. Fatar tafin hannu tana yamutsewa har ta saluɓe kamar safar hannu, fuska ta kumbura, dangi su kasa gane ta. Don haka hukumar Interpol ta dogara da shaidu 3: zanen yatsu, haƙora da DNA. Tufafi da tabo ƙarin shaida ne kawai. Samun ƙwayoyin tsiron ruwa na diyatom a ɓargon ƙashi alama ce cewa mutumin yana numfashi lokacin da ya faɗa ruwa.

Misalin irin wannan aikin tsamo gawa shi ne: a daren 16 zuwa 17 ga Agustan 2025, motar bas da ta taso daga Lome zuwa Yamai ta faɗa kogin Ouémé a gadar Thio, kan hanyar Parakou. An tsamo gawarwakin gomman fasinjoji a kwanakin da suka biyo baya.