Sarakunan Da Suka Rasu A Lokoja

Duk mai bi ta Lokoja zuwa gida yana wuce garin da kaburburan sarakunanmu suke, a unguwar Kabawa. Turawa sun tuɓe Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi a 1920, ya rasu can a 1924. Sarkin Kano Alu, da suka kama a 1903, ya bi shi a 1926. Wanda ya tsare mutum kuwa, shi ke riƙe da alƙalamin rubuta ƙarshensa. Shi ya sa nake roƙon marubutanmu su yi mana littafin ƙagaggen labari na bin diddigi a kansu: wa ke kai musu abinci? Wa ke duba su in ciwo ya kama? Mu da ƙafarmu muka baro gida, su kuwa kawo su aka yi. Allah ya jiƙansu, amin.